Jibbar Umdurman da Lifidin Kano

Idan hunturu ya kankama a Kano, 'yan gwanjon Ƙofar Wambai sukan kwance dilolin rigunan sanyi masu kauri, irin waɗanda aka ɗinka domin ƙasashen ƙanƙara. Wasu su ce jaket, wasu su ce kwat, amma akasari rigar sanyi ake kiranta. Wanda ya farke ɗinkin irin wannan riga zai tarar da abu uku: ƙyallen waje mai santsi wanda ruwa ba ya ratsawa, da shafi na ciki, da cushe a tsakaninsu, ko na gashin tsuntsu ko na zaren roba. An bi cushen da ɗinki layi-layi, an raba shi gida-gida, don kada ya zame ya taru a gindin riga. Shi cushen ba ya haifar da zafi. Iskar da ta maƙale a cikinsa ce take hana ɗumin jiki fita, shi ya sa da zarar ruwa ya jiƙa shi ya kwanta, rigar ta tashi daga aiki.

A Turai da Amurka tarihin wannan riga bai yi nisa ba. A 1823 Charles Macintosh, mutumin Gilasgo, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin ƙyalle biyu don tare ruwan sama. A 1922 George Finch ya tafi hawan dutsen Everest da riga mai cushen gashin agwagwa, kuma a 1940 Eddie Bauer ya yi rajistar tasa a Amurka. A 1969 ne Bob Gore ya gano sinadarin da aka yi ƙyallen Gore-Tex da shi, mai hana ruwa shiga amma ya bar tururin gumi ya fita. Mutanen Inuwit na ƙuryar arewacin duniya sun riga su duka, da fatun dabbobi da hanjin dabbobin teku.

To, Hartum da Umdurman ba garuruwan wannan riga ba ne. Suna fuskantar juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Umdurman a gaɓar yamma, kuma ruwan da ake samu a can cikin shekara guda bai cika kai milimita 200 ba. A watan Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40. Sanyinsu na Janairu, lokacin da iskar arewa take kaɗowa daga hamada, yakan sauka zuwa wajen digiri 15 da dare, abin da mayafi ko bargo ya isa ya yi maganinsa. Masifar yanayi a can ita ce zafi da guguwar ƙura da suke kira habub. Duk da haka, a Umdurman aka ɗinka wasu daga cikin shahararrun rigunan cushe na nahiyar Afirka, da dabara iri ɗaya da ta rigar sanyin yau. Abin da masu su suke gudu shi ne kaifin takobi da tsinin mashi. Domin a fahimci waɗannan riguna, ya fi sauƙi ɗalibin Hausa ya fara daga gida, daga kalmar da ya riga ya sani.

Kalmar ita ce lifidi. Asalinta Larabci ne, daga libd, wato dunƙulallen ulu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sirdi. A Hausa ta zama sunan sulken auduga na doki da mahayinsa, kuma mahayan da suke sa shi su ne 'yan lifida. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake lissafin sarautarsa tsakanin 1390 da 1410, saboda asarar mayaƙa da ya yi a yaƙinsa da Umbatu. Ko da mai karatu ya yi wa shekarun ragi, labarin ya nuna cewa Kanawa sun ɗauki lifidi a matsayin abin da ya sauya fasalin yaƙi, har suka riƙe sunan wanda ya kawo shi.

Ɗinkin lifidi ba shi da bambanci da na rigar da ake sayarwa a Ƙofar Wambai. Ƙyalle biyu ne, a cusa auduga a tsakani, a bi da allura da zare a matse. Abin cushen da aka fi so shi ne audugar rimi, kuma a nan akwai abin lura. Zaren audugar rimi rami gare shi a ciki, cike da iska, kuma bayansa yana da wani maiƙo da ba ya shan ruwa. Saboda haka ba ta da nauyi, ba ta saurin jiƙewa, tana kuma yawo a kan ruwa. Wannan hali nata ne ya sa a rabin farko na ƙarni na 20, har cikin Yaƙin Duniya na Biyu, da ita ake cushe rigunan ceto na jiragen ruwa, kafin zaren roba ya ture ta, ko da yake yawancin wadda ta shiga kasuwar duniya daga tsibirin Jawa ta fito. Wato rimin da ya yi wa Zariya ado, wanda sunansa ya hau unguwanni da garuruwa irin su Rimin Gado, yana ɗauke da amsar tambayar da masu ɗinkin rigar sanyi suka daɗe suna nema: abin cushe mara nauyi wanda ruwa ba ya kashe shi. Aibinta guda ne, ba ta jimirin wuta ko kaɗan. Tartsatsi ya ishe ta.

Amfanin lifidi a fagen fama shi ne ya shanye kibiya kafin ta kai fata, abin da yake da muhimmanci ƙwarai a ƙasar da ake shafa wa kibau dafi, inda ƙwarzane kaɗan kan iya kashe doki. Kuɗinsa kuma nauyi ne da zafi. A 1826 Hugh Clapperton ya ga 'yan lifidan rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kewayen Konya ta Gobir, ya kuma ba da labarinsu da sigar ba'a, ganin yadda mahayi yake buƙatar taimako kafin ya hau da yadda doki yake tafiya da ƙyar. Ba'ar tasa ba ta rasa dalili ba, amma idon baƙo ne, wanda ya saba da yaƙin bindiga. A gaban maharba, doki mai lifidi ganuwa ce mai tafiya, kuma a bayanta sauran mayaƙa suke matsowa.

Wannan sana'a ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ta bi zirin ƙasar da ke kudu da Sahara tun daga Kano da Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur har zuwa Sinnar a bakin Shuɗin Nilu. Littafin tafiyar Dixon Denham na shekarun 1820 yana ɗauke da zanen mahayin Sarkin Bagarmi cikin lifidi, shi da dokinsa. Zirin nan kuwa shi ne hanyar alhazai ta ƙasa, wadda mutanen ƙasar Hausa da Barno suke bi shekara da shekaru zuwa Makka, wasu su yada zango a Sudan su zauna ke nan, mutanen can suna kiransu Takari ko Fallata. Doki da sirdi da littafi da labari duk ta wannan hanya suke kai da komo.

A ƙarshen gabas na hanyar ne, a tsibirin Aba na Farin Nilu, wani malamin ɗariƙar Sammaniyya mai suna Muhammad Ahmad ɗan Abdullahi ya bayyana kansa a matsayin Mahadi a watan Yuni 1881. Sudan a lokacin tana hannun Masar, ƙarƙashin jami'an da mutanen ƙasar suke kira Turkawa, masu jar dara da kwat mai maɓallai. Mabiyansa na farko talakawa ne, kuma suturarsu ita ce ta masu gudun duniya: riga mai maho, wadda aka yi ta faci a kan faci har asalin ƙyallen ya ɓace. Sufaye sun daɗe da sanin wannan riga, sunanta a Larabci muraƙƙa'a. Mahadi ya mayar da ita alamar jama'arsa, ya hana a kira su darwishai, ya ce sunansu Ansar. Rigar kuma aka san ta da jibba.

Ita ma wannan kalma ta cancanci a tsaya a kanta. Tushenta jubba na Larabci, wanda ya ba Hausa jabba. Ita ce ta ƙetara Bahar Rum ta zama giubba a Italiyanci, inda har yau ake kiran jaket giubbotto, ta kuma zama jupe a Faransanci. Haka nan rigar cushe da mayaƙan Turai na tsakiyar zamani suke sawa a ƙarƙashin sulke, Faransawan da suna kiranta auqueton, daga alƙuɗun, sunan auduga a Larabci. Ashe Turai ta karɓi sunan rigar da sunan abin cushenta daga wannan ɓangare na duniya tun kafin ta dawo da rigar cikin dila.

Darajar jibba a idon Mahadi ta fito fili a musayar da ya yi da Janar Charles Gordon. Da Gordon ya komo Sudan a farkon 1884, ya aika wa Mahadi alkyabbar girmamawa da jar dara, tare da tayin sarautar Kurdufan. Mahadi, wanda ya riga ya ci Al-Ubayyid a Janairu 1883 ya kuma hallaka rundunar Hicks a Shaikan a Nuwamba na wannan shekara, ba ya buƙatar wani ya ba shi abin da yake hannunsa. Ya mayar da kyautar, ya haɗa da jibba mai maho da wasiƙar kiran Gordon zuwa Musulunci. Gordon ya ƙi karɓa. Kowannensu ya fahimci abin da ɗan'uwansa yake nufi, domin a al'adar sarauta, daga Istanbul har Sakkwato, wanda ya sa rigar da ka ba shi ya zama naka. Hartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, aka kashe Gordon. Mahadi bai yi wata biyar cikakku a bayansa ba, ya rasu a Umdurman ranar 22 ga Yuni.

Magajinsa, Halifa Abdullahi ɗan Muhammad, Bata'aishe daga Larabawan Baggara na yamma, ya watsar da Hartum ya gina daularsa a Umdurman, har aka riƙa kwashe tubali da katakon tsohon birnin ana haye kogi da su. A hannunsa ne jibba ta sauya hali. Daula tana buƙatar runduna, runduna kuma tana buƙatar sutura iri ɗaya da alamar muƙami. Sai aka koma ɗinka jibba sabuwa ful daga damur, farin saƙin auduga mai kaushi na ƙasar, sannan a ɗora mata maho na ado: ƙyallaye masu kusurwa huɗu, shuɗi da ja da baƙi da kore, an yanka su daidai, an jera na dama ya yi daidai da na hagu, an bi bakin wuya da aljihu da aikin allura. Rigar ba ta yage ba balle a ce an toshe ɓula. Mahon ya zama tambari, kuma jibbar babban amiri takan fi ta sojan ƙasa kyan ƙyalle da tsabtar ɗinki nesa ba kusa ba. Cikin 'yan shekaru kaɗan tsumman mai gudun duniya ya zama kakin gwamnati mai Baitulmali da kurkuku da masu karɓar haraji. Fursunonin Turawa da suka zauna a Umdurman, irin su Rudolf Slatin, tsohon gwamnan Darfur wanda ya tsere a 1895, su ma jibbar suka sa.

A cikin jibbobin nan akwai masu cushe, kuma su ne 'yan'uwan lifidi na kusa. Doguwar riga ce mai kauri, an tsaga ta gaba da baya daga ƙugu zuwa ƙasa don mahayi ya zauna a kan sirdi, an matse ta da ɗinki layi-layi. Amirai da manyan mahaya suke sa ta, sau da yawa a ƙarƙashin sulken ƙarfe, domin sulke yana tare kaifin takobi amma ba ya tare nauyin sara, sai cushen ya shanye shi. Kwalkwalinsu ma yana da labulen cushe da ke rufe wuya da kafaɗu. Dawakai kuma suna da nasu lifidin mai launi-launi, wanda Bakano zai gane shi da kallo ɗaya. Duk ranar Juma'a Halifa yakan fita filin da ke bayan gari ya duba runduna, tutoci suna kaɗawa, abin da ya yi kama da hawan salla. Mutum ya auna abin da ake nufi da ɗaukar cushen auduga da ƙarfe a cikin ranar Umdurman. Rigar sanyi tana tsare ɗumin jiki ko mai ita yana so ko ba ya so.

Labarin jibba ya biyo hanyar alhazai ya yi yamma. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa, Mahadi kuma ya naɗa shi wakilinsa a ƙasashen yamma. Rabeh, haifaffen yankin Hartum, ya karɓi kiran, sojojinsa suka sa jibba, ya ƙulla surukuta da Hayatu, ya ci Barno a 1893 ya kafa hedikwata a Dikwa. Ƙawancen bai yi ƙarko ba. An kashe Hayatu a 1898 a hannun mutanen Rabeh, shi kuma Rabeh Faransawa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilu 1900.

Ƙarshen jibba a matsayin kayan yaƙi ya zo ne ranar 2 ga Satumba 1898, a filin Karari da ke arewa da Umdurman. Kitchener ya iso da soja wajen 25,000, Ingilishi da Misirawa da Sudaniyawa, da igwa, da bindigogin Maxim, da jiragen ruwa masu igwa a kan kogi. Halifa ya fito da mutum wajen 50,000. Tun da safe Ansar suka taso a fili fetal, cikin fararen jibbobi, suka nufi layin bindigogi, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka iso kusa da shi. Kafin azahar an kashe musu mutum fiye da 10,000, a ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Winston Churchill, yana ƙaramin hafsa a rundunar mahaya, yana wurin, ya kuma rubuta littafi a kan yaƙin. Marubutan Turai sun so su mayar da ranar labarin sulken da ya yi karo da zamani, amma wannan ragin bayani ne. Yawancin waɗanda suka faɗi a Karari ba su da cushe ko ƙarfe a jikinsu, jibba ce kawai da mashi ko takobi, wasu da bindigogin Remington na ganima. Abin da ya hallaka su shi ne shawarar a yi gaba da gaba da rana tsaka a buɗaɗɗen fili. Babu rigar da aka taɓa ɗinkawa a wancan zamani, a Umdurman ko a Landan, da za ta tare harsashin Maxim. Halifa ya tsira ya yi kudu, aka cim masa a Umm Dibaikarat a Nuwamba 1899, inda aka same shi da manyan amiransa sun mutu a kan buzayensu.

Bayan shekara biyar irin wannan rana ta riski Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas bayan Turawa sun ci birnin a Maris 1903, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari mazauna Sudan suna cikin waɗanda suka fi tsinkar audugar da ake lodawa zuwa masaƙun Ingila. Ɗan Mahadi kansa, Sayyid Abdurrahman, wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa, da noman auduga a tsibirin Aba ya tara dukiyar da ya sake gina jama'ar Ansar da ita. Mabiyansa sun riƙe wata riga tasu mai gaba da baya iri ɗaya, da aljihu ta kowane ɓangare, amma mahon da cushen sun tafi. A ƙasar Hausa ma lifidi ya bar fagen fama ya koma hawan salla, inda 'yan lifida suke gaban sarki har yau.

Jibbobin Karari kuwa sojojin Kitchener sun tuɓe su daga gawarwaki da fursunoni sun tafi da su gida a matsayin ganima. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka rage suna gidajen tarihin rundunonin Birtaniya da manyan gidajen tarihin ƙasar. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan yana da lifidin doki mai cushen audugar rimi wanda ake kyautata zaton daga yaƙin Umdurman ya fito. A Sudan, kafin yaƙin 2023, babbar ma'ajiyar irin waɗannan kaya ita ce gidan Halifa da ke daura da ƙubbar Mahadi a Umdurman, wanda aka mayar gidan tarihi a 1928, inda aka adana jibbobi da sulkuna da tutoci da takubba. An yi wa gidan gyara ba da daɗewa ba kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF. Tsohon garin Umdurman ya zama fagen fama na watanni, kuma jami'an kula da kayan tarihin Sudan sun sanar da cewa gidan Halifa yana cikin gidajen tarihin da aka wawashe.